Tabarau ɗin da Na Auna wa Surukina Kaina a Sunkuye

Wanda ya ba mu aron surukina ya karɓi abinSa ranar Talata da hantsi, mu ma muna nan tafe. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa a bayan Ƙofar Ɗan Agundi. Ban san unguwar nan tana da mutane haka ba sai ran nan. Masu ƙafa, masu jaki, masu keke, har na rasa inda zan jingine nawa.

Kwana uku muna zaman makoki a ƙofar gida, kowa ya zo da guntun abin da ya sani. Wani dattijo mai sayar da takarda a Kasuwar Kurmi ya ce shekara talatin Malam yana sayen takarda mai tambarin jinjirin wata uku a rumfarsa, bai taɓa tafiya da ita ba sai ya ɗaga kowace warƙa ya duba a hasken rana.

"Wallahi har haushi yake ba ni," in ji shi. "Ga masu ciniki suna jira, shi yana ta ɗaga takarda sama kamar mai duban wata. To yanzu wa zai ba ni haushin?"

Tsohuwar da ke sayar da koko a lungun ta aiko daga cikin gida a faɗa wa maza cewa shekara ashirin Malam yana ce mata kokonta ya yi tsami, kuma bai taɓa fashin saye ba. Ladan ya ce Alƙur'ani huɗu Malam ya rubuta da ka, ɗaya fatake sun tafi da shi Gwanja, uku suna cikin birni. Na biyar, wanda ya yi niyyar bar wa masallacin unguwa, shi ne ya tsaya a izu arba'in da ɗaya.

"Tsufa ne," mutane suka ce. "Ido ya gaji. Allah ya ba shi ladan niyya."

Sai Baffa, ƙanin marigayin, ya nuna ni da carbinsa.

"Ga wanda ya yi ƙoƙari nan. Mijin babbar 'yarsa ne, ma'aikacin asibitin ido. Da hannunsa ya yi wa Yaya tabarau irin na Turawa. Ni da farko ban yarda da shi ba, kowa ya sani, amma gaskiya ya riƙe surukuta."

Aka yi ta sa mini albarka. Na yi ta cewa amin, don ba a ƙin amin, amma da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ba tsufa ne ya tsayar da Alƙur'anin nan ba. Ni ne. Shi ya sani, ni na sani, ya kuma hana ni faɗa, na riƙe maganar muddin yana da rai. Yanzu ina so a san shi yadda yake, kuma ba za a san shi ba sai an san abin da ya rufa mini.

Malam siriri ne, dogo, mai ƙaramar murya. Kakanninsa da shanu suka shigo ƙasar Kano, amma shi bai gaji ko ɗan maraƙi ba, sai kunya da son fura da nono. Da an idar da sallar asuba gari ya waye, sai ya shimfiɗa buzunsa a bakin zaure inda haske yake faɗowa. Tawada da kansa yake dafawa, bagaruwa da kashin maƙera da ƙaro, ba ya yarda kowa ya motsa masa tukunyar. Shafi ɗaya yake rubutawa kowace safiya, layi goma sha ɗaya, baƙin tukuna, sannan ya bi da jan wasali. Da shafi ya cika sai ya goge alƙalami, ko da rana ba ta yi nisa ba. In an tambaye shi yaushe zai gama, amsarsa ɗaya ce.

"Na fi jiya da layi goma sha ɗaya."

In ya yi kuskure ba ya kankarewa, warƙar duka yake sakewa. Tun ina saurayi na taɓa ganin ya sake warƙa saboda ƙuda ya taka tawada ya ja ƙafa, abin da ni sai da na kusa sa hanci a takardar na gan shi.

Da yamma matan unguwa sukan tsaya daga bayan asabari ya rubuta musu wasiƙa zuwa ga mazansu da suka tafi fatauci. Ba ya karɓar ko goro. Wata ta taɓa zuwa a fusace ta ce, "Malam, rubuta masa: azzalumi, maci amana, wata tara ko gaisuwa babu." Malam ya rubuta, ya naɗe, ya miƙa. Bayan 'yan makonni sai ga mijin da turmin atamfa, yana nuna wa mutane wasiƙar da ta karya masa zuciya. Abin da ke ciki shi ne yara suna tambayarka kullum, rufin ɗaki kuma yana yoyo. Matar ta dawo ta ce ita fa ba haka ta ce ba.

"Haka kike nufi," in ji Malam. "Sauran zafin rana ne."

Rigima ɗaya na san ya yi a rayuwarsa, a kaina kuma aka yi ta. Lokacin da iyayena suka je neman auren babbar 'yarsa, Baffa ya tashi ya ce sam. Laifina na yi makarantar boko, ina kuma aiki a wajen ganuwa inda Turawa suke.

"Yaya, gidan karatu za ka buɗe wa mai wanke wa Nasara kwalabe?"

"Shekara uku yana sallar asuba a sahun farko, ban ga ya makara ba," in ji Malam. "Kwalaben kuma in yana wanke su da kyau, ai aiki ne. Na ga alamar ya iya abin da yake yi."

Wata biyu ba su sa hannu a kwano ɗaya ba. Matata ce ta ba ni labarin bayan shekaru, ta ce ita kanta a bakin mahaifiyarta ta ji.

Daga ranar da aka ɗaura aure muka shiga kunyar surukuta, ta gidansu kuma ta fi ta kowa tsanani. In na hango shi a lungu sai in sauka daga keke in cire takalmi in tsuguna, in kuwa bai gan ni ba in canza hanya. Ba na cin abinci inda yake. Ba na kallon fuskarsa. Shekara goma sha ɗaya abin da na fi sani nasa shi ne yatsun ƙafarsa da gefen buzunsa. Shi ma bai taɓa faɗin sunana ba, "mutumin asibiti" yake ce mini. Matata kuwa 'yar fari ce, don haka ita ma ba ta da suna a bakinsa, "waccan" ce, ba sa doguwar magana. Duk unguwa ana yabonmu da wannan ladabi, ni kuma ina jin daɗin yabon sosai.

Wata damina ya yi zazzaɓi mai zafi. Da ya tashi sai ya fara ganin abu ɗaya ya zama biyu, wani a bisa wani. Bai faɗa wa kowa ba. Yana da wani tsohon tabarau na karatu da ya saya a tire a kasuwa, sai muka ga ya lanƙwasa shi, ya ɗaure hannu ɗaya da zare ya zagaya kunne, ɓangaren dama ya sauko, na hagu ya hau. Haka yake sa shi a karkace ya yi rubutunsa, shafi ɗaya kowace safiya, bai fasa ba.

Abin ya tsaya mini a rai, kuma in faɗi gaskiya ba don idonsa ba ne, don kaina ne. Wani abokina tela ya tare ni a Ƙofar Wambai ina hanyar aiki.

"Likita, kana can kana gyara idon duniya, surukinka yana nan da tabarau kamar jaki ya taka!"

Na yi dariya na wuce, amma wunin ranar maganar na yi ta taunawa.

Ni ba likita ba ne, ko da yake 'yan unguwa sun naɗa ni ban kuma hana su ba. Likita Bature shi yake duba ciwo. Mu muke awon gilashi, mu rubuta oda a aika Ikko, in ya zo a jirgin ƙasa mu goge bakinsa mu zaunar da shi a firam. Na aika wa Malam ta hanyar da aka saba: na faɗa wa matata, ta faɗa wa mahaifiyarta, mahaifiyarta ta faɗa masa. Amsa ta biyo hanyar da tambaya ta bi. Wai layi biyu yake gani in babu tabarau, amma na zaren nan yana yi masa aiki, kada mutumin asibiti ya wahalar da kansa.

Da na ji layi biyu sai na ce ai wannan aikina ne. Akwai wani irin gilashi da muke kira firizim. Ba ya ƙara wa rubutu girma, ba ya rage shi. Gefe ɗaya mai kauri ne, gefe ɗaya siriri, kamar bakin gatari, aikinsa ya gusar da abin da kake kallo daga inda yake. Wanda idonsa ɗaya ya ɗan ɗaga sama da ɗan'uwansa, shi ne yake ganin layi a bisa layi, sai a sa masa firizim ya janyo su su haɗu. Da lamba ake faɗin ƙarfinsa. In lambar ta yi yawa ba a jibga ta a ido ɗaya, don gilashin zai yi nauyi ya yi muni, sai a raba wa idon biyu. A rabon nan ne akwai ƙa'ida. In kaurin na dama ya kalli ƙasa, dole na hagu ya kalli sama, haka ne uku da uku suke zama shida. In duka biyun suka kalli ƙasa, ɗaya ya cinye ɗaya, uku da uku sun zama babu. Tun shekarata ta farko a aiki na san wannan.

Malam ya ce ba zai je asibiti ba, don bai ga ranar da zai bar shafin safiya ba. Sai na ari akwatin awo ranar da ba aiki, na ɗaure shi a bayan keke, na ratsa unguwa a hankali don a gani.

Yadda ake awon, sai ka zauna gwiwa da gwiwa da mutum, fuska da fuska. Ka rufe masa ido ɗaya da kati, ka buɗe, ka rufe ɗayan, kana kallon ƙwayar da ke tsalle da inda take tsallen. Kai za ka riƙe gilashin da hannunka, kai za ka ga inda kaurinsa ya kalla. Na yi wa attajirai haka, na yi wa tsofaffin mata, na yi wa wani basarake da dogarai a tsaye a kaina, ban taɓa kau da ido ba. Amma ran nan ina sallama na ga ƙafafun nan a kan buzu, sai gwiwata ta kai ƙasa tun daga bakin ƙofa. Baffa yana zaune a gefe da wasu dattawa biyu, sun zo ganin aikin boko.

A nan bakin ƙofar na buɗe akwati. Na ja baƙin layi ɗaya a kan allo aka jingine a bango. Na riƙa ɗora gilashi a kan hankici ina turawa a bisa tabarma, shi yana ɗauka.

"Baba, a riƙe a idon dama, kaurin a ƙasa. Layi nawa ake gani?"

"Biyu, amma sun matso."

Na tura mai lamba huɗu.

"Sun kusa gaisawa."

Na tura mai lamba shida.

"Alhamdu lillahi. Ɗaya."

"To a mayar da shi idon hagu a gani."

Na ji motsin hannun riga.

"Nan ma ɗaya."

Na rubuta a littafina: dama, kauri ƙasa, hagu, kauri ƙasa. Abin da ya faru kuwa, da ya kai gilashin idon hagu ya ga layin ya ƙara rabuwa, sai ya juya shi da yatsunsa, kaurin ya koma sama, layi ya haɗu, ya faɗi gaskiyar abin da ya gani. Duk wanda ke zauren ya ga ya juya. Baffa ya gani, bai san ma'anarsa ba. Ni da na san ma'anarsa ina can ina ƙirga saƙar tabarma. Ko ban gani ba ma, ya kamata hankalina ya gaya mini ba yadda za a yi zama ɗaya ya yi wa ido biyu daidai. Amma gumi ya jiƙa mini riga, babu abin da nake so sai in fita daga zauren nan da ladabina cikakke.

Mutanen Ikko ba su da laifi. Gilasai biyu suka aiko masu kyau, lamba uku uku, da ƙarfin karatu a ciki. Ni na goge su, ni na zaunar da su a wani firam mai zagayayyen ido, mai hannuwa masu naɗe kunne, wanda ba ya gocewa. Ban nuna wa babban ma'aikacinmu ba, don ina so a ce aikina ne daga farko har ƙarshe. A ƙa'ida wanda ya auna shi zai sa wa mutum tabarau ya sake duba idon. Ni naɗe shi na yi a hankici na ba matata ta kai. Na kuma ce ta karɓo mini na zaren, kada ya koma masa. Ta karɓo, na jefa shi a kwandon shara na asibiti, ban ko juya shi na duba ba.

Amsa ta zo: "Madalla. Allah ya yi albarka."

Kashegari ya sa shi a zaure. Mutane suka yi ta zuwa kallo. Tela abokina ya ce yanzu ne na cika likita.

Makon farko ya yi rubutu, aka ce ya sake warƙa uku. Mako na biyu ya mayar da takardun cikin gafaka ya rataye. Kullum da safe yana fitowa kamar yadda ya saba, ya shimfiɗa buzu, ya sa tabarau, ya ɗauki carbi, ya yi ta tilawa da ka. In an ce, "Malam, ina rubutu?" sai ya ce, "Ana hutawa."

Da ba su sami amsa a wurinsa ba sai suka dawo kaina. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. A ƙofar zauren nan, inda na san yana jina, na gyara murya na ce wa dattawa:

"Jijiyar ido ce ta tsufa. Irin wannan babu abin da gilashi zai ƙara. Mun yi iyakar abin da ilmi ya kai."

Suka gyaɗa kai. Daga cikin zaure ban ji komai ba sai ƙarar carbi. Sau nawa na maimaita maganar nan a unguwa, ban sani ba, har ladan ya haddace ta yana faɗa wa baƙi.

Damina ta zagayo, hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko kaɗan ne, sai in ya ɗaga buta a ji murfin yana kaɗawa. Kafin kaka ta shigo, sai da hannu biyu yake riƙe moɗa.

Wata goma sha huɗu da kai masa tabarau, sukurun firam ya kwance, gilashin hagu ya faɗo a kan buzu. Matata ta kawo mini a hankicin nan. Na tafi da shi wurin aiki, na ajiye a kan tebur ina neman sukuru, sai babban ma'aikacinmu ya zo wucewa. Dattijo ne mutumin Lakwaja, shi ya koya mini aikin, kuma ba ya ganin gilashi ya wuce bai taɓa ba. Ya ɗaga firam ɗin ya saita da layin da muka ja a bango, ya duba. Ya ɗauki wanda ya faɗo, ya nemi ɗan tsagin da muke yi a samansa don alamar zama, ya duba shi ma.

"Na wane ne wannan?"

"Na surukina."

"Wa ya zaunar?"

"Ni."

"Dama uku, kauri ƙasa. Hagu uku, kauri ƙasa. To, nawa ke nan?"

Ya ajiye su a gabana.

"Babu ke nan," in ji shi. "Ka ɗora wa tsoho nauyi a hanci, ba ka ba shi komai ba. Da ya sa, ka duba idonsa?"

"Surukina ne."

"Na ji. Ido na tambaye ka."

Ya ce in ba shi labarin tun daga farko, na ba shi, har da na zaren da na zubar. Ya ce gilashin karatu a tsakiya yake da kauri, in mutum ya sauke na dama ya ɗaga na hagu, to ya yi wa kansa firizim, kauri ƙasa a nan, kauri sama a can.

"Tsohon nan ya yi da zare abin da ka kasa yi da akwati guda."

Sai ya miƙo mini sukundireba. Gilashin zagayayye ne, ba sai an aika Ikko ba, ba sai an jira jirgi ba. Juya shi kawai na yi, tsagin ya koma ƙasa, kaurin ya koma sama, na ɗaure sukuru. Ko alwala ta fi shi ɗaukar lokaci.

Na nemi izini na tafi bayan azahar. Na tsaya a bakin lungu har na ga Baffa ya fita, sannan na yi sallama. Ban tsaya a bakin ƙofa ba. Na taka tabarma har gaban buzu, na zauna gwiwata tana taɓa tasa. Na ji ya ɗan ja baya. Sai na ɗaga kai.

Ban san ya tsufa haka ba. Girarsa ta yi fari fat, kumatu sun faɗa, a karan hancinsa akwai tabo biyu baƙaƙe inda nauyin gilashina yake zama. Na sa masa tabarau da hannuna, na naɗa a kunnuwansa. Na ciro kati na rufe dama, na buɗe, na rufe hagu, na buɗe. Ƙwayar ido ba ta motsa ba. Na nuna masa layin azara a rufin zaure, sannan na buɗe masa tafin hannuna kusa.

"Baba, nawa ake gani?"

"Ɗaya." Ya ci gaba da kallona. "Ashe har ka yi furfura a gemu. Ni saman hularka na fi sani."

Na faɗa masa duka, ban rage komai ba. Na ce ni na zaunar da gilashin a juye, na ce na zarensa daidai yake, na ce abin da na faɗa wa dattawa a kan jijiya ƙarya ce da na rufe jahilcina da ita. Ina magana ina kuka, ni da 'ya'yana huɗu.

"Ai na juya gilashin ran awon nan," in ji shi. "Na zaci ka gani. Tun safiyar farko na san bai zauna ba."

"To me ya sa ba a faɗa ba, Baba?"

"Wa zan faɗa wa? Waccan? Ta je ta ce wa mijinta ubanta ya ce bai iya aiki ba? Zauren nan kuma ba ya rabuwa da mutane. In na cire shi a tambaya, in na karkata shi a gani, Baffanku nan yake wuni. Na gwada rufe ido ɗaya, sai alƙalami ya riƙa isa takarda kafin in sani, kaina kuma ya yi ta sara. Sai na ce bari in jira, wata rana za ka duba."

Ya gyara zaman tabarau ɗin da bayan yatsa.

"Ban dai zaci za ka daɗe haka ba."

Ya ce in sauko masa da gafaka. Na sauko da ita, ya zaro warƙar ƙarshe. A layi na bakwai ta tsaya. Tawada ta bushe a kwalba, na ɗiga mata ruwa na motsa, karon farko da ya bar wani ya taɓa masa ita. Ya ɗora takardar a cinya, ya karanta layi bakwai ɗin a hankali, ya yi bisimilla, ya tsoma alƙalami.

Hannun ya kama rawa tun kafin ya bar bakin kwalba. Ya sa na hagu ya riƙe wuyan na dama, sai duka biyun suka ɗauka. Ya kai alƙalamin kusa da takarda, ya tsaya, yana ganin wurin da harafi zai zauna sarai, bakin alƙalami yana ta kai da kawowa a kansa. Tawada ta taru za ta ɗiga, ya janye da sauri kada ta ɓata warƙar. Ya sake gwadawa sau ɗaya. Sannan ya goge alƙalami da tsumma, ya ajiye.

"Ido ya yi," in ji shi. "Madalla da aiki."

Na rufe kwalbar tawadar.

"Ka faɗa wa waccan?"

"A'a, Baba."

"Kada ka faɗa. Ita ta kawo mini shi da hannunta, tana murna."

Wata biyar ya ƙara a duniya bayan nan. Ya bi izu arba'in da ɗaya ɗin da ido tun daga Fatiha, ya sami kuskure a wuri biyu, ya sa zare a wurin don wanda zai gyara. Bai ƙara tayar mini da maganar ba, ni kuma na koma tsugunawa a bakin ƙofa, don ban san wani zama ba. Jiya da safe na faɗa wa matata. Ta bar kokon gabanta har ya huce, sannan ta ce ita ma sau da yawa ta ga yana sauke tabarau ɗin yana murza ido in ya zaci ba kowa, ba ta tambaye shi ba.

Allah ya jiƙan Malam, ya yalwata masa kabari, ya rubuta masa ladan abin da ya rubuta da wanda aka hana shi rubutawa. Ni kuwa kullum in na hau keke zuwa aiki sai lissafin ya zo mini, ko ban so ba. Izu goma sha tara suka rage masa. Shafi ɗaya kowace safiya, wata goma ya ishe shi. Wata goma sha huɗu ya zauna yana jira in ɗaga kaina.